Motar Gida, In Ji Su

Uwar Biyu ce ta sayi motar da guminta, sunanta ne kuma a jikin takardu, amma ranar da aka shigo da ita gidan Baba, ko injin bai huce ba, ƙaninta Dogo ya zagaye ta, ya bubbuga bayanta ya ce to madalla, yanzu gida ya yi mota. Gida! Sai ka ce gidan ne ya yi shekaru yana tsaye gaban allo yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi har muryarsa ta dishe. Ta ji maganar ta soke ta, amma ta haɗiye, don ranar murna ce, kuma Baba yana zaune yana shafa ƙofar motar da tafin hannu yana sa albarka.

Doguwar mota ce mai layin kujeru uku, irin mai ƙofar gefe da ake zugewa. Ta zaɓe ta ne saboda tagwayenta da tarkacensu, sai kuma saboda Baba, wanda gwiwa ta hana shi lanƙwasawa ya shiga ƙaramar mota. Kuskurenta ɗaya: inda take haya babu wurin ajiye mota, don haka motar a gidan Baba take kwana, makullin kuma a ƙusar da ke bayan ƙofar falo. Wannan ƙusa ita ta kashe ta.

Dogo mai sayar da tayil ne, kuma tun da motar ta zo bai ƙara sanin hanyar masu ɗaukar kaya ba. Auta, ƙanwarsu, gyaran gashi take yi gida-gida, ita da injin busar da gashinta da ƙawayenta masu dariya kamar za su tsaga gilashi. Kawu kuwa, ƙanin Baba, tun da ya yi ritaya babu taron da ke wuce shi, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya cika motar da tsofaffin abokan aikinsa. Babu mai tambaya. In an yi mata kara ne ma ake aiko saƙo bayan an yi nisa: Yaya, mun ɗan fita da motar, yanzu za mu dawo.

Aron duk da sauƙi. Abin da ke ƙona mata rai shi ne shirun da ake dawo da motar da shi, kuma shirun nan yana da asali.

Baba a zamanin ƙarfinsa mai gyaran famfo ne, mutum mai tsanar ƙorafi kamar ya mutu. Sai ya kafa wa gidansa doka: wanda ya gani, shi zai gyara. Ka zo ka ce masa famfon banɗaki yana ɗiga, ba zai ce maka uffan ba, sai dai ya miƙa maka sifana. Ka ce ƙwan fitilar ƙofa ya mutu, ga tsani can. Shi a ganinsa tarbiyya yake yi, yana so ya tashi 'ya'ya masu hannu. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Kafin a je ko'ina suka gano cewa ba gyaran ne dole ba, ganin ne dole ka kiyaye. Dogo yakan tsallake fasasshen bokiti yana kallon sama kamar mai neman jirgi. Auta ta iya wanka a banɗakin da fitilarsa ta mutu, ta fito ta rantse ba ta lura ba. Uwar Biyu kaɗai, babbarsu, Allah bai ba ta wannan baiwa ba. Idonta ba ya iya wuce abu, don haka da sifana a hannu ta girma.

To wannan hali suka kwaso, gemai-gemai da su, suka juye a motarta. Gilashin baya ya daina tashi, wani ya naɗe kwali ya cusa, bai faɗa ba. Waifa ɗaya ta karye, aka ɗaure ta da zaren roba. Ƙofar gefe ta koma sai an dafa ta da gwiwa an ɗaga sannan ta zuge, kuma kowa a gidan ya iya wannan dabara, har tagwaye, amma ba a samu mutum ɗaya da ya san ranar da ta lalace ba. Kullum ita ce a gareji, tana zaune a kan benci mai maiƙo tana makin jarrabawa a cinya, bakanike yana kiranta babbar kwastoma, ita kuwa ji take kamar zagi.

Rannan Dogo ya kwance kujerar layin ƙarshe ɗungurungum don tayil ɗinsa ya samu wuri, ya jefar da ita a tsakar gidan Baba, a kan hanyar fita. Uwar Biyu ta gan ta, ta yi magana, ya ce yanzun nan, ta sake magana, ya ce ai yana sane. Sai ta rantse a ranta wannan kam ko za ta tsiro saiwa a wurin ba za ta taɓa ta ba. Kujera ta zauna. Duk mai riƙe hannun Baba in zai fita da shi sai ya ɗan karkata da shi gefe, a zagaye ta, a wuce, ba tare da an ce masa komai ba.

Dole a riƙe hannunsa, don idon Baba ya tafi. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuwa saura ɗan haske, yana ganin inuwar mutum da hasken taga. Likitan unguwa ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ɗan hasken ana iya ceto shi da aiki, amma ba abin jira ba ne, kullum raguwa yake. Mai yin aikin kuwa wani babban likita ne da ke zuwa wani asibiti mai nisa jefi-jefi, ya yi wuni ɗaya ya tafi. Uwar Biyu ta yi zarya har takalminta ya suɗe kafin sunan Baba ya shiga cikin waɗanda za a gani. Aka ce su iso kafin rana ta take, in sun wuce haka ba ruwan kowa.

Ana gobe tafiya ta tara su a falo. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, kuma ta yi alkawari ba za ta ce kowa ya gyara komai ba. Ita iyakarta makaranta da gida, tafiyar da ko inji bai gama ɗumi ba an iso, su ne masu dogon zango da motar, su za su san halinta a hanya.

"Don Allah ku faɗa mini," in ji ta. "In akwai abin da kuka ji ko kuka gani, yanzun nan in kai ta gareji. Idon Baba ne."

Dogo ya ce shi dai lafiya lau ya ajiye ta, mota kamar doki. Auta ta ce wallahi Yaya ita ba ta san kan mota ba, tuƙawa kawai take. Kawu ya gyara hula ya ce motar nan ai ko sabuwa albarka, shi da ya yi shekaru yana tuƙi zai faɗa mata. Duka ukun suka kalle ta ido cikin ido. Ta yarda, don wa zai yi ƙarya a kan idon mahaifinsa?

Sai ta je ta cika tanki, aka duba mata iskar tayoyi da baƙin mai, ta dawo ta hau shara don Baba ya shiga wuri mai tsabta. Ta fitar da ɓaraguzan tayil, da gashin roba, da jaridun Kawu. A ƙarƙashin kujerar tsakiya ta ci karo da galan-galan cike da ruwa, an jera su har da tokare su da tsumma. Ta yi tsaki, ta ce motarta ta zama rijiya kuma, ta kwashe su ta jibge bakin famfo. Auta tana zaune a kan kujerar nan ta tsakar gida tana danna waya, ta ɗago ta kalli galan-galan, ta kalli yayarta, ta mayar da kai.

Da sassafe suka kama hanya su biyu, don Dogo yana da kaya da za a sauke, Auta kuma kwastoma na jiranta. Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Yana cikin raha. Ya ce in an buɗe idon, abin da zai fara dubawa shi ne tagwaye, don an ce masa ɗayan ya yi giɓi, yana so ya ga ko wanne ne ya fi muni. Ta yi dariya har ta manta haushin duniya. Tana tuƙi tana leƙa allon gaban sitiyari, komai shiru, babu fitilar da ta kama.

Sun bar gari, sun yi nisa, sun fara hawan wani dogon tudu, sai Baba ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙauri. Kafin ta amsa motar ta fara ja da baya-baya kamar an riƙe mata wutsiya, wani ƙara ya taso daga gaba, sai tururi ya turnuƙe gilashi. Da ƙyar ta gangara gefen titi. Injin ya yi shiru da kansa, irin shirun da ko wanda bai san mota ba ya san ba na lafiya ba ne.

Wani mai babur ya taimaka ya ɗauko musu bakanike daga ƙauyen gaba. Mutumin ya jira bonet ya huce, ya buɗe, ya leƙa, ya ce lagireto babu ko ɗigon ruwa, injin ya ƙone, yau kam ba inda motar za ta. Ya nuna mata wani tiyo da ya tsage, da layin tsatsa da ya bi ƙasansa, ya ce wannan yoyon ya daɗe, ruwa ake ta ƙara mata tana tafiya. Sannan ya tambaye ta ko jar fitila ba ta kama mata ba. Ta ce ko kusa, idonta na kan allon tun daga gida. Ya zagayo ya sunkuya ta taga, ya murɗa makulli, ya sa farce a kusurwar allon, ya ɓanɓaro wani ɗan baƙin tef irin na masu gyaran wuta, an yanke shi daidai wa daida, an manna shi da kyau yadda ba za ka bambanta shi da baƙin allon ba. A ƙarƙashinsa jar fitila tana ci.

Uwar Biyu ta tsaya da tef ɗin manne a yatsa. Galan-galan suka faɗo mata a rai, da tsumman da aka tokare su da shi, da kallon da Auta ta yi musu. Ashe duk sun sani. Wani ya ga fitila ya rufe mata baki, wani kullum sai ya buɗe bonet ya ɗura ruwa kafin ya tashi, wata ta ga an kwashe ruwan ta ci gaba da danna waya. Aiki suka yi, aiki mai wahala ma, kullum, don dai kada a ce su suka gani. Ji ta yi kamar ta kwanta a titin ta yi ta ihu, amma Baba na zaune cikin zafi yana tambayar ƙarfe nawa.

Ta kira Dogo, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Motocin haya suna wucewa cike maƙil. Da ƙyar wata motar kaya ta tsaya, aka taru aka ɗaga Baba kamar buhu aka sa shi gaba, yana cije leɓe saboda gwiwa, rigarsa mai kyau ta kwashi baƙin mai. Motar kayan kuwa tafiyar hawainiya take, ga tsayawa sauke kaya a hanya.

Rana ta karkata sosai lokacin da suka shiga asibitin. Bencinan jira duk babu kowa sai wata tsohuwa da bandeji a ido ɗaya, jikarta na ba ta ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce an kira sunan Baba har an gaji, likita ya gama ya tafi, an ma kwashe na'urorin. Uwar Biyu ta roƙa, ta yi bayani, har ta nuna mata tef ɗin kamar zai yi wani amfani. Matar ta tausaya, amma ta ce sai dai a sake sa sunansa a layi, kuma ita kanta ba ta san yaushe likitan zai sake zagayowa ba.  Baba ya juya fuskarsa wajen taga inda haske yake, ya daɗe a haka, sannan ya ce su tafi gida.

Washegari da la'asar janwe ya ajiye motar a ƙofar gida, Uwar Biyu kuma ta sake tara su, wannan karon a tsakar gida, gaban Baba. Ba ta zauna ba. Ta zazzage musu tas, tun daga kwalin gilashi har zuwa zaren waifa, ta ce ta gaji da zama jakar gida, ta ce motar da suke kira ta gida ba ta taɓa zama ta gida ba ranar gareji. Ta ɗaga tef ɗin ta ce ba ta neman kowa ya gyara inji, so take kawai ta ji bakin wanda ya manna wannan.

Dogo ya ce shi gaskiya ya tarar da galan a motar, sai ya ɗauka haka tsarinta yake, wasu motocin akwai shan ruwa. Auta ta fashe da kuka ta ce ita ta zaci Yaya ta sani, tunda motarta ce. Motarta ce yau, ka ji! Kawu ya ce kada a yi saurin zargi, irin waɗannan motocin na hannu wani lokaci da tef ɗinsu suke zuwa, kuma komai ai nufin Allah ne. Motarta ce yau, ka ji! Har Uwar Biyu ta buɗe baki za ta faɗi abin da ba a faɗa wa kawu, sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ke Uwar Biyu, ya isa," in ji shi. "Kin tambaya sun amsa. Ba wanda ya gani."

Ya juya kan sandar a tafinsa.

"Ni na kafa dokar nan, ba zan karya ta da tsufana ba. Tunda duk gidan nan babu mai ido, to ni na gani. Ni zan gyara. Ku ba ni hanya in je in duba ta."

Ya miƙe da ƙyar. Auta ta zabura za ta kama hannunsa, ya fizge. Ya nufi ƙofar gida shi kaɗai, sanda a gaba, hannu ɗaya a miƙe yana laluben iska, yana bin hanyar da ya sani tun ranar da ya gina gidan, miƙaƙƙiya daga ƙofar falo zuwa waje. Kujerar motar tana nan kwance a tsakiyar hanyar.

Duk suna kallo. Uwar Biyu ta ji ƙafafunta sun motsa da kansu, yadda suka saba tun tana yarinya, ta ji kalmar gargaɗi ta zo mata har baki. Sai ta dubi Dogo, ta dubi Auta, ta dubi Kawu, ta ga kowannensu ya zuba mata ido yana jira ta gani. Ta koma da baya ta zauna a dakali, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. A rayuwarta ba ta taɓa yin abin da ya yi mata ciwo kamar wannan zaman ba.

Sandar Baba ta daki ƙarfe. Ya tsaya. Ya sake bugawa, ya sunkuya a hankali, gwiwarsa na ƙara, ya shafa abin da hannu: yadin kujera, maɗaurin bel, ƙafafun ƙarfe da ƙura ta lulluɓe. Ya gane ta.

"Ashe shi ya sa kuke karkata da ni a nan," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

 Ya jingine sandar a jikinsa, ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ja. Kujerar ba ta motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, hularsa ta faɗi, numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, sandar ta zame ta gangara inda ba zai iya samo ta ba. Hawaye na zuba a fuskar Uwar Biyu, amma ba ta zare hannayenta ba.

Sai da tsohon ya ja karo na uku, ƙafarsa ta goce ya kusa kifawa, sannan Dogo ya tashi da gudu yana cewa Baba bari, Baba don Allah bari, ni na ajiye ta. Auta ta ɗauko sandar, Kawu ya tsinci hular yana kakkaɓewa, ya rasa inda zai sa idonsa. Dogo ya ɗaga kujerar shi kaɗai ya yi waje da ita.

Baba ya karɓi sandarsa. Ya ɗaga fuska yana neman inda rana take, ya juya dama, ya juya hagu, bai tsaya a ko'ina ba. Sannan ya tambaya ko magariba ta yi ne, don ya ga wurin ya yi duhu. Rana kuwa tana nan fal a kan bango. Wannan karon duk sun gani, kuma ba mai iya gyarawa.